Babi na Shida: Fumfunar Mota a Kilomita Biyar

Motar da ruwa ya shiga takan kamu da ciwo biyu. Na farko kowa na ganinsa: inji ya ƙi tashi, fitilu su rikice, baƙin mai ya gauraya da ruwa ya yi fari. Shi ake rugawa da shi wurin bakanike, kuma shi muka tattauna a babin da ya gabata. Na biyun ba ya hana mota tafiya, shi ya sa ake raina shi. Sai bayan kwana uku ko huɗu mai mota zai buɗe ƙofa da safe, wani wari ya doki hancinsa, ya ga wani abu fari-fari ko kore-kore ya tsiro a jikin sitiyari, a bakin ɗinkin kujera, a jikin bel. Fumfuna ke nan. Na zaɓi in yi bayaninta daga unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, domin a can ne duk abin da take buƙata ya haɗu wuri guda: ruwa mai yawa, zafi, tsoffin motoci, da mutanen da ba su da halin yar da mota don kawai ta yi wari.

Ga wanda bai san wurin ba, Kilomita Biyar, wato PK5 da ake ji a rediyo, ita ce cibiyar kasuwancin babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Tana cikin gunduma ta uku. Titin Barthélemy Boganda ya taso daga tsakiyar gari ya iske ta, titin Koudoukou ya ratsa ta, ga kasuwar Mamadou Mbaïki, ga babban masallacin da Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba, 2015. Zuriyar Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi da mutanen Senegal da Mali ne suka fi yawa a shagunanta, da yawansu a nan aka haifi iyayensu, har a layi ɗaya sai ka ji Hausa da Sango da Fulatanci da Larabci. Mai neman kayan gyaran mota a Bangui da wuya ya gama yawonsa bai biyo ta nan ba.

Bangui na samun ruwan sama kimanin milimita 1,500 a shekara. Daminar Kano wata huɗu ce zuwa biyar, sai hunturu ya zo ya busar da komai ƙayau. Ta Bangui kuwa takan ɗauki wata takwas, daga wajen Maris ko Afrilu har Nuwamba, kuma ko ranar da ba a yi ruwa ba iskar kanta a jiƙe take. Ruwan da ke cin motoci a garin iri biyu ne. Akwai na kogin Ubangi, irin wanda ya tumbatsa a Oktoban 2019 ya raba dubun dubatar mutane da gidajensu, musamman a gundumomi na 2 da na 6 da na 7 da kuma Bimbo. Wannan sai shekara-shekara. Wanda ya fi damun Kilomita Biyar shi ne na kullum: yammacin birnin shimfiɗe yake a kan fadama, manyan magudanai irin na Kokoro sukan cushe da shara da yashi, a yi ruwan awa biyu sai lunguna su zama rafi. Ruwan sama kaɗai, ba tare da kogi ba, ya bar fiye da mutum 10,000 ba matsuguni a tsakiyar 2009. Ruwan da ke gudu a lungu kuwa ba ruwan sama ba ne tsantsa. Ya kwaso jar laka, ya kwaso kwata, ya bi ta kan masai da suka cika. Da zarar ya haura dokin ƙofar mota, duk wannan ƙazanta ta shiga ciki.

Su kansu motocin sun sha wuya kafin su iso. Ƙasar ba ta da teku. Yawancin tasi masu launin ɗorawa da ke yawo a gari, tsoffin Toyota da Nissan, sun gama rayuwarsu ta farko a Turai, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Duwala, garin da ruwansa ya haura milimita 3,500 a shekara. Can za su zauna a tashar jirgin ruwa da gilasai a rufe har a gama takardu, sannan a kamo hanyar kusan kilomita 1,400 ta Garoua-Boulaï da Bouar da Boali. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna tsoffin ƙananan motoci miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Robar bakin ƙofar motar da ta shekara ashirin ta riga ta bushe ta tsattsage. Irin wannan mota ko ba ambaliya tana shan ruwa kaɗan-kaɗan duk daren da aka yi sama.

Akwai kuma wani abin da unguwar ta gani wanda ba a son tunawa. A rikicin 2013 da 2014, Musulmin Bangui da suka haura 100,000 suka watse zuwa Cadi da Kamaru, har lokacin ziyarar Fafaroma kimanin 15,000 kawai suka rage, a killace cikin PK5. Wanda ya gudu da ransa ba ya tsayawa sassauta gilashin mota. Motar da aka kulle a tsakar gida ta ci damina ɗaya ko biyu a haka, ko ɗigon ruwa bai shige ta ba, iskar da ke cikinta ta isa ta lalata kujerunta.

Abin da ke ƙarƙashin kafet

Fumfuna halitta ce mai rai, danginta ɗaya da naman kaza. Ƙwayoyin irinta ƙanana ne da ido ba ya gani, suna cikin iskar kowane gari, babu yadda za a yi a hana su shiga mota. Abin da suke jira kawai danshi ne da ɗumi da abin ci. Masana sun ce abin da ya jiƙe, in bai bushe cikin awa 24 zuwa 48 ba, ta fara kama shi, kuma in laimar iska ta wuce kashi 60 cikin 100 ta samu wurin zama. Abinci kuwa ba ta rasa shi a tsohuwar mota: kwalin da ke bayan marfin ƙofa, audugar kujera, ƙura, gumin direba a jikin sitiyari, ɓawon gyaɗa, manjan da ya zube daga kayan wata fasinja. Irin da aka fi samu su ne Aspergillus da Penicillium da Cladosporium. Manomin gyaɗa ya san ɗaya daga cikin gidan Aspergillus, domin ita ce ke kama gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba ta sa mata guba.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗaukar kafet a matsayin ƙasan mota. Kafet fuska ce kawai. A ƙarƙashinta akwai wata shimfiɗa mai kauri, a tsoffin motoci tarkacen auduga ne da tsumma da aka matse, a na baya-bayan nan soso ne. An sa ta ne don ta rage ƙarar hanya ta kuma tare sanyin Turai. Tana iya shanye lita da yawa ta riƙe. Bayan kafet kuma galibi da roba-roba a jikinsa, saboda haka ruwan da ya gangara ƙasa ba shi da hanyar fita ta sama. Kamar katifa ce da aka zubar wa ruwa: zanin gado ya bushe tun hantsi, soso yana nan sharkaf har mako.

Ga yadda abin kan kasance a garejin da ya san aikinsa. Mai mota zai zo yana cewa shi dai a wanke masa kujeru a fesa wani abu.

"Ai na shanya ta kwana uku, Malam. Taɓa ka ji, ta bushe."

Bakanike ba zai yi musu ba. Zai durƙusa ta ƙofar baya, ya ɓalle robar dokin ƙofa da sukundireba, ya ɗaga gefen kafet.

"Alhaji, kawo hannunka. Tura nan ciki."

Hannun zai fito a jiƙe, da sanyi, da baƙi-baƙi a farce. In aka damƙi shimfiɗar aka matse, ruwa ja mai wari ne zai tsiyayo ta tsakanin yatsu. A kwarin da fasinjan baya ke ajiye ƙafa, laka ta kwanta sumul, wayoyi na nitse a ciki, bakin soket ɗinsu ya yi kore. Daga nan gardama ta ƙare, sai maganar kuɗi.

Kafin a kai ga wannan, yawanci an riga an gwada dabaru biyu, kuma dukansu ƙara ɓarna suke. Ta farko turare. Unguwar da ke da 'yan Cadi da Barebari ba a gaya mata turaren wuta mai kyau, sai a sa kasko a cikin mota a rufe, ko a rataya ɗan kwali mai ƙamshi a madubi. Ƙamshin zai danne wari na yini ɗaya ko biyu, fumfuna kuwa ko a jikinta, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Illar ma ita ce hanci shi ne ɗan saƙon da ke gaya maka akwai ruwa a ɓoye, kai kuma ka toshe masa baki. Ta biyu ita ce a ajiye mota a rana da gilasai a rufe, wai zafi ya kashe ta. Cikin mota zai yi zafi ƙwarai, ruwan ƙasa ya tashi ya zama tururi, amma ina zai je? Da yamma ta yi sanyi sai ya sauko a kan rufi da kujeru da dashbod, wuraren da da can a bushe suke. Duk motar da gilashinta ke yin raɓa ta ciki da asuba, akwai ruwa kwance a wani wuri a jikinta.

Farke ta

Aikin gaskiya ba shi da gajeriyar hanya: sai an fitar da cikin motar waje. A fara da cire kan batir, a ɗan jira mintoci. Wannan ba wasa ba ne a motocin da ke da jakar iska mai kare mutum lokacin haɗari, domin wayoyinta masu soket rawaya sukan bi ta ƙarƙashin kujera. Kujerar gaba noti huɗu ne ke riƙe da ita, ta baya galibi ɗagowa ake ta ɓalle. Sai robobin dokin ƙofa, sai akwatin da ke tsakanin kujeru, sannan kafet ta fito gaba ɗayanta. Kada a manta da but. Ramin safaya shi ne wuri mafi zurfi a bayan mota, sau da yawa za a tarar da taya da jak suna zaune cikin ruwa ba wanda ya sani.

A ƙasan ƙarfen akwai wasu toshe-toshe na roba da kamfani ya sa. A ciro su ruwa ya tsiyaye, a wanke laka da omo da buroshi, a ɗauraye. Wasu kan ɗauki ƙusa su huda ƙasan mota don ruwa ya riƙa fita da kansa. Ban goyi bayan wannan ba ko kaɗan. Hujin da aka yi da ƙusa nan tsatsa za ta fara, ta nan ruwan hanya zai riƙa fantsamowa, kuma ta nan hayaƙin salansa zai shigo wa mutanen da ke zaune a baya. In an gama shanya, a mayar da kowane toshe wurinsa. A duba faifan kwaltar da aka manna a jikin ƙarfen. Inda ya tsage ko ya kumbura, ruwa ya shige ƙarƙashinsa, sai a kankare, a goge tsatsa da buroshin ƙarfe, a shafa jan fenti mai hana tsatsa.

Shimfiɗar auduga da ta sha ruwan kwata ba ta da gyara. A jefar da ita. Na san nan ne masu mota ke turjewa, domin a ƙasar da kowane kayan gyara sai ya yi tafiyar kilomita 1,400 a bayan tirela, ba a saba yar da komai ba. Mutanen Bangui ba su manta ƙarshen 2020 da farkon 2021 ba, lokacin da 'yan tawaye suka datse hanyar Kamaru, manyan motoci fiye da 1,000 suka maƙale a kan iyaka, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Duk da haka hukuncin bai canza ba. Fumfuna takan tura saiwarta can cikin zaren, inda buroshi ba zai kai ba, kuma ƙwayoyin cutar da ruwan masai ya kawo suna tare da ita.

Kafet ita kanta ana iya cetonta in ba ta ruɓe ba. A shimfiɗa ta a kan siminti, a wanke gaba da baya, a rataye ta a kan igiya ko katanga yadda iska za ta bi ta kowane gefe. Kujeru a kwance rigarsu in ana iya yi, a wanke rigar daban, a matse soso a jingine shi a rana. Tsoffin Marsandi da ke da kujerar zaren kwakwa a ciki, in zaren ya yi baƙi ya fara marmashewa, sai dai mai ɗinkin kujera ya sake sabon ciko. Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye: kada a karkaɗe busasshiyar fumfuna ko a bi ta da busasshen buroshi a cikin mota. Ƙurar da za ta tashi ita ce irin, ita za a shaƙa, ita za ta bazu. A fara jiƙa wurin da ruwan sabulu, sannan a goge, a yar da tsumman.

Maganar abin wanki tana buƙatar natsuwa, don a nan ake jin ciwo. Ruwan bilic, wanda a Bangui da Nijar ake kira Javel, yana aiki a kan ƙarfe mai fenti da roba mai tauri: kamar kofin shayi ɗaya a lita 4 na ruwa, a bar shi mintoci, a ɗauraye sosai, domin in ya zauna yana cin ƙarfe. A kan yadi kuwa kashe launi yake, kuma ba ya ratsa soso. Ga yadi da fata, ruwan khal fari ya fi dacewa, bayan an wanke da sabulu. Amma kada a kuskura a haɗa su biyun, ko a zuba ɗaya a kan ɗaya kafin a ɗauraye. Javel da khal in suka gamu iskar gas mai guba suke fitarwa, a cikin mota kuwa wuri ne ƙuntatacce. Fetur da kananzir da wasu ke goge dashbod da su ba su da wurin zama a wannan aiki, wuta kawai ake gayyata. Bel kuma sabulu da ruwa kaɗai ya yarda da su. A jawo shi har ƙarshe, a maƙale shi, a wanke, a bar shi a miƙe sai ya bushe. Bilic na raunana zarensa, kuma ba za a gane ba sai ranar da ake buƙatarsa.

Shanya ita ce mafi wuya a Bangui. Littattafan Turai za su ce a kunna na'urar tsotse danshi a bar ta kwana biyu. Wutar birnin galibi daga Boali take zuwa, ana rabonta ne unguwa-unguwa, ba wanda zai dogara da ita. Abin da ke hannu shi ne rana da iska: ƙofofi huɗu da but a wangale, da hantsi a fito da komai, da hadari ya haɗo a mayar ƙarƙashin rumfa. Tamfol in za a rufa, a ɗaga shi sama da rufin motar, kada a naɗe ta da shi. Fanka in an samu wuta. A cikin damina abin na iya cin mako, kuma gaggawar mayar da kujeru don mota ta koma aiki ita ke sa a dawo gareji bayan wata guda. Direban tasi da ke kai wa mai mota balas kullum, kwana bakwai ba aiki ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa, na sani. Wanda motarsa ba ta nutse ba, warin yau da gobe ne kawai ke damunsa, gara ya dage aikin zuwa Disamba ko Janairu, lokacin da sama ta ɗauke. Gawayi a cikin tsohuwar safa yana taimakawa wajen janye ragowar wari, amma bayan an gama komai.

Ra'ayina a kan abin da za a mayar ƙasan motar shi ne: tsohuwar motar haya a gari irin Bangui ba ta buƙatar shimfiɗar auduga ko kaɗan. An yi ta ne don ƙasar da ake ƙanƙara. Ƙarfe mai fenti mai kyau, wayoyi a ɗaure a gefe cikin bututun roba, a sama a sa shimfiɗar roba mai kauri da za a iya zarewa a girgije a shanya cikin awa ɗaya, wannan ya fi. Motar za ta ƙara ƙara, ƙasan zai ɗan yi ɗumi ta wajen salansa, kuma ba za ta yi kyan gani kamar da ba. Na yarda da wannan farashi.

Ta ina yake shiga?

In ba ambaliya ce ta jiƙa motar ba, to akwai ƙofar da ruwa ke bi, kuma in ba a gano ta ba duk wahalar da aka sha ta tashi a banza. Tun motar na tsirara ake nema. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, wani ya riƙa zuba ruwa da buta daga waje, a fara daga ƙasa a yi sama, a hankali. Ana iya barbaɗa hoda a jikin ƙarfe, ɗigon zai bar sawu.

Wurin da na fi zargi a Bangui shi ne kwarin da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa. Garin cike yake da itatuwan mangwaro, kowa kuma inuwarsu yake nema ya ajiye mota. Ganye da fure da jar ƙura sukan taru a kwarin su zama taɓo, su toshe ramukan da ruwa ke fita, sai ya cika ya malala ta hanyar iskar fanka ya sauka a ƙafar fasinjan gaba. A ƙasan kowace ƙofa ma akwai ƙananan ramuka. In ka girgiza ƙofa ka ji ruwa na motsi, tsinke kawai suke so. Ledar da ke bayan marfin ƙofa, wadda masu gyaran gilashi kan yage su ƙi mayarwa, aikinta ke nan tare ruwa. Mota mai tagar rufi tana da siraran tiyo a kusurwoyi da kan toshe. Mai na'urar sanyaya iska kuma, in tana aiki ba ka ga ruwa na ɗiga a ƙarƙashin mota ba, to cikin kafet yake ɗiga. Sai hita, wadda ba mai kunna ta a Bangui amma ruwan lagireto na zagayawa ta cikinta. In ta ruɓe, ruwan da za a gani a ƙafa yana da santsi da wani zaƙi-zaƙin wari. Bakanike kan haɗe tiyo biyu na hitar ta wajen inji ya raba ta da aiki, shi ke nan.

Ƙirjin da ke biya

Abin da ya sa na tsawaita a kan wannan ba kyan mota ba ne. Fasinja minti ashirin zai yi ya sauka. Direba tun asuba yake ciki har dare, in ana ruwa kuma gilasai a rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2009 kan zama cikin danshi da fumfuna, inda ta danganta shi da tari da toshewar hanci da shessheƙa da tsanantar asma. Ko fumfunar ta mutu, ƙurarta na tayar da waɗannan, shi ya sa fesa magani ba tare da kwashe ta ba bai wadatar ba. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kamar Najeriya, tana cikin ƙasashe 30 da tarin fuka ya fi yi wa katutu a duniya. Wanda ya yi tarin ya warke, sau da yawa cutar takan bar masa kogo a huhu, kuma Aspergillus na iya shiga wannan kogo ta zauna ta yi girma. Sai mutum ya riƙa tari yana ramewa, wani lokaci da jini, a yi ta zaton tsohon ciwon ne ya dawo. Haka masu cutar da ke karya garkuwar jiki. Irin waɗannan mutane bai kamata su tuƙa mota mai fumfuna ba, balle su wanke ta. Direban da ya lura atishawa da ƙaiƙayin ido na kama shi a mota su sake shi a gida, motar ce. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa asibiti ake kai shi a yi gwaji.

In za ka saya, in za ka sayar

Motar da ta nutse ba ta ɓacewa daga duniya, hannu take canzawa. Guguwar Harvey ta 2017 ta lalata motoci sama da 400,000 a Amurka, ambaliyar Yulin 2021 ta cinye dubbai a Jamus da Beljiyam, ƙasar da tashar Antwerp take, inda ake lodin tsoffin motoci zuwa Afirka. A gida ma, ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri da motocin da ke cikinsu. Saboda haka mai saye, a Bangui yake ko a Kano ko Maraɗi, ya yi amfani da gwiwarsa. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin kujera: ƙarafunan wurin ba fenti gare su sosai ba, in sun yi tsatsa ruwa ya kai nan. Ka tura yatsa cikin layin da kujera ke gudu a kai ka ga ko da busasshiyar laka. Ka jawo bel har ƙarshensa, domin mai wanki ba ya kaiwa can, tabon ruwa na nan. Ka ɗaga safaya. Sabuwar kafet fil a cikin mota mai shekara ashirin abin tambaya ce, haka ma ƙamshin da ya yi yawa. Ka ce a rufe ta ruf a rana na rabin awa, sannan ka buɗe ka sa hanci.

Mai sayarwa kuma, ɗan kasuwar Kilomita Biyar ba ya buƙatar a koya masa wannan babi na fiƙihu. A Sahihu Muslim an ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannunsa cikin tsibin hatsin wani mai sayarwa ya ji danshi a ciki, saman kuwa a bushe. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, aka hore shi da ya fito da jiƙaƙƙen fili kowa ya gani, aka kuma kira ɓoyewar algus. A mazhabar Malikiyya da ake bi daga Sakkwato har Bangui, wanda aka ɓoye wa aibi yana da haƙƙin mayar da kaya. Ka faɗa cewa ta sha ruwa, ka faɗi gyaran da aka yi mata, ka rage abin da ya kamata a rage.

Magana ta ƙarshe ga masu gareji ce. Ba maigida ke shiga cikin motar ya kankare laka ba, ba kuma mai mota ba. Yaran da iyayensu suka kawo koyon sana'a ne, 'yan shekara goma sha, su ake turawa da tsumma da bokiti, hannu tsirara, fuska tsirara, kansu a ƙarƙashin dashbod. Maigida, ka saya musu takunkumi mai kyau da ke kama fuska da safar hannu ta roba, ka sa kuɗin cikin kuɗin aiki mai mota ya biya. A yi aikin a fili, ba cikin shago ba. Yaron da ke da asma ko ya taɓa yin tarin fuka, ka ba shi wani aikin daban ranar.